Cikin Murjanatu Da Ya Kwanta Shekara Biyar

Akwai wani mutum a garin Mai'adua mai suna Dabo, sana'arsa kiwon turke. Ga wanda bai sani ba, shi ne mai sayen ramammen sa ko rago, ya ɗaure shi a gida wata uku zuwa huɗu yana ɗura masa dusa da harawa. Idan ya cika ya yi sheƙi, sai ya kai shi kara, kasuwar dabbobi, ranar Lahadi ya sayar.

A wannan sana'a Dabo gwani ne, ba zan rage masa komai ba. Sai dai irin mutanen nan ne da suka iya abu ɗaya, daga nan suka ɗauka sun iya komai. Ko ciwon kai ka ce kana yi, kafin ka rufe baki ya faɗa maka abin da za ka sha.

Matarsa ɗaya, sunanta Murjanatu. 'Yar Daura ce, doguwa, siririya, ba ta da hayaniya. Shekara tara da aurensu ba ɗa ba jika. Sau biyu tana samun ciki, sau biyu tana ɓari kafin ya kai wata uku. Lokacin da labarin nan ya fara tana da shekara talatin da shida.

Masu cewa ya ƙara aure sun faɗa har sun gaji. Dabo yana son matarsa, wannan duk unguwa an shaida. Shi ya sa labarin ya fi yi min ciwo, domin mutumin ba mugu ba ne.

Wata Lahadi a kara, Dabo ya kawo wani sa da ya cika har yana tafiya da ƙyar. Mutane suka taru suna yabawa. Cikinsu akwai Kabo, taubashinsa, dillali ne mai bakin tsiya.

Kabo ya zagaya san, ya dafa tozonsa, ya ce, "Dabo, hannunka akwai albarka. Amma in tambaye ka mana. Shanun nan ne ke cinye abincin gidan?"

Dabo ya ce, "Me ka gani?"

"Iyalina sun haɗu da naka wajen biki. Ka ɗaure sa wata uku ya zama kamar rumbu, amma mace shekara tara a hannunka iska na neman ɗauke ta. To ina ciki zai zauna a wannan jiki?"

Aka yi dariya. Dabo ma ya yi, irin wadda ba ta wuce leɓe ba. Wasan taubasai ne, ba wanda ya ɗauke shi da nauyi sai shi.

Har ya isa gida maganar tana cin sa. Ina ciki zai zauna a wannan jiki? Ya juya ta, ya sake juya ta, har ya gamsar da kansa cewa ya gano abin da ya gagari kowa shekara tara. Rama ce ke sa Murjanatu ɓari. Kuma idan ana maganar rama, wa ya fi shi sanin maganinta a duk Mai'adua?

Akwai wata 'yar ƙwaya fara da yake dakawa yana zuba wa shanunsa a dusa. Wasu na kiranta sha-ka-fashe. Da ita sa yake buɗe ciki ya ci kamar ba gobe, jikinsa ya cika cikin 'yan makonni.

Ya san idan Murjanatu ta ga kwalin za ta gane, domin ita ke share inda yake ajiye kayan turke. Sai ya ɓare ƙwayoyin ya zuba a wata kwalba mai tsabta, ya kai mata.

Ta juya kwalbar a hannunta. "Wannan fa, Malam?"

"Maganin ƙarin jini ne da cin abinci. Kullum da safe ki sha biyu."

"A asibiti aka ba ka?"

"Murja, zan ba ki abin da zai cuce ki ne?"

Ta ce, "A'a, Malam." Ta ɗauko ruwa ta sha a gabansa.

Cikin wata biyu Murjanatu ta canza. Wadda da ƙyar take cinye malmala ɗaya ta koma cin biyu tana neman ƙari. Kumatu suka fito, wuya ya cika. Mata suka fara cewa, "Sai yanzu aure ya karɓe ki." Inna, mahaifiyar Dabo, wadda ke zaune a sashenta a gidan, ta riƙa sa wa ɗanta albarka.

Dabo kuwa ba a magana. Ranar da Kabo ya ce, "An ce amarya ta yi kyau," sai da ya gyara zaman hularsa.

A wata na takwas da fara shan ƙwayar, Murjanatu ta yi ɓatan wata. Na biyu ya zo ya wuce, babu jini. Na uku ma haka. Ga ciki ya fara turo zane.

Inna ta kira wata tsohuwar ungozoma ta unguwa. Ta kwantar da Murjanatu, ta danna nan, ta danna can, ta ɗago tana murmushi ta ce, "A yi ta addu'a, an samu rabo."

Murjanatu ta yi kuka ranar, kukan daɗi. Wata uku ya wuce ba ɓari, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Dabo ya sayo rago fari ya ɗaure daban, ya ce na suna ne.

Murjanatu tana da ƙanwa, Zubaida, malamar asibiti ce a Daura. Da ta ji labari ta hau mota ta zo barka, lokacin ana lissafin cikin wata biyar.

Tun daga bakin ƙofa murnarta ta ragu. Fuskar yayarta ta yi zagaye kamar faifai. Ciki da ƙeya sun cika, amma hannuwa da ƙafafu sun ƙara sirancewa. Da suka shiga ɗaki ta ɗaga mata riga, ta ga nankarwa manya, jajaye, har a hammata.

Ta ce, "Yaya, kin fara zuwa awo?"

"Malam ya ce ba buƙata, ai lafiyata ƙalau."

"Kina shan wani magani?"

"Na ƙarin jini ne kawai." Ta nuna mata kwalbar. Ba suna, ba takarda.

Zubaida ta je kemis ta sayo abin gwajin fitsari. Suka gwada, bai nuna ciki ba. Ta koma ta sayo wani, shi ma haka.

Da Dabo ya shigo da la'asar ta tare shi. "Yaya Dabo, gwaji bai nuna ciki ba. Ka bar ni in tafi da ita Daura gobe a yi mata hoto. Kuma maganin nan da take sha, mene ne sunansa?"

Kun san akwai wasa tsakanin miji da ƙanwar mata. A bayan wannan wasa Dabo ya ɓuya. Ya yi dariya ya ce, "Likita bokan Turai. Ke da aka yi goyonki jiya, yau ke za ki koya min gane ciki? Wannan ɗan tsinken naki ya fi idon ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin garin nan?"

"Ba wasa nake ba, Yaya. Sunan maganin nake tambaya."

"Sunansa ya-yi-aiki. Kalli yayarki, ki tuna yadda take da."

Zubaida ta koma Daura ranta a jagule.

Wata tara ya cika. Aka shirya itacen wanka, aka sayo kanwa da kayan yaji. Shiru. Wata goma, shiru. Shekara ta zagayo, ciki yana nan yadda yake, bai ƙaru ba, bai ragu ba.

Inna ce ta kawo bayanin da ya kwantar wa kowa hankali. Ta ce, "Ciki ne ya kwanta. Ba yau aka fara ba. A garinmu akwai wadda nata ya kwanta shekara huɗu, ta zo ta haifi namiji. Idan lokacinsa ya yi zai tashi."

Dabo ya karɓi maganar hannu bibbiyu. Har ya ƙara da nasa ilimin, wai shi ya sa gwajin Zubaida bai nuna ba, domin ɗan barci yake yi. Ya sayar da ragon suna ya ɗaure wani.

Daga nan aka shiga neman tayar da ciki. Rubutu, jiƙo, hayaƙi, saiwar da aka kawo daga Mashi, wata daga Babban Mutum, wata har daga tsallaken iyaka. Duk abin da aka kawo Murjanatu ta sha. Asibiti ne kawai ba a je ba, ga shi tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba.

Sau biyu ta gwada barin ƙwayar, domin zuciyarta ba ta kwanta da mai ciki tana shan magani kullum ba. Duk lokacin da ta bari, kwana biyu ba ta iya tashi. Jiri, amai, gaɓoɓi kamar an yi mata duka.

Dabo ya ce, "Kin gani? Shi ke riƙe da ke, shi ke riƙe da yaron. Kada ki sake bari."

Ba ta sake bari ba.

Shekara ta biyu ta wuce, ta uku ta shigo. Murjanatu ta koma shan ruwa kamar raƙumi, ba ta minti talatin ba ta zaga ba. Kanta yana sarawa, idonta yana hazo. Idan ta ɗan bugu da ƙofa sai wurin ya yi baƙi ya daɗe bai washe ba. Duk aka ce nauyin ciki ne.

Amma ta riƙe abu ɗaya. Ta sa wa cikin suna Baƙo. Tana tsintar shinkafa tana yi masa hira. Tana wanki tana ce masa, "Baƙo, barcin ya isa haka, kowa ya gaji da jiranka." Idan hanjinta ya motsa sai ta dafa wurin ta yi shiru tana saurare.

A shekara ta uku Zubaida ta dawo, wannan karon ba wasa a fuskarta. Ta samu Dabo a gaban Inna.

Ta ce, "Yaya Dabo, shekarun Yaya Murja arba'in yanzu. Mace ba kamar namiji ba ce, haihuwarta tana da lokaci, kuma lokacin yana tafiya. Idan ciki ne, hoto zai nuna, in ba ku haƙuri a gaban kowa. Idan ba ciki ba ne, a nemi abin da ya tsayar mata da al'ada tun da sauran dama. Rana ɗaya nake roƙo."

Ran Dabo ya ɓaci. A ƙasan zuciyarsa akwai wani ɗan tsoro da ya daɗe yana dannewa, kuma maganarta a kansa ta sauka. Maimakon ya saurara, sai ya miƙe.

"Wato ni da Inna da ungozoma duk mahaukata ne, ke kaɗai ce mai hankali. Baki kike yi wa cikin nan tun ranar farko. Idan abin da zai riƙa kawo ki ke nan, ki yi zamanki a Daura."

Zubaida ta juya wajen yayarta. "Yaya, ki ce wani abu."

Murjanatu tana hawaye ta ce, "Zubaida, ina jin motsinsa. Wallahi ina ji. Ki bar min shi."

Kada ku yi saurin ganin laifinta. Macen da ta yi shekara goma sha biyu tana jira, aka ce mata ga shi nan a cikinki yana barci, da wane ƙarfin zuciya za ta je inda za a iya ce mata babu?

Zubaida ta fita tana kuka. Shekara biyu ba ta sake taka gidan ba, sai waya.

A shekara ta biyar da tsayawar jinin, Babbar Salla ta matso. Dabo ya haɗa shanu da raguna a babbar mota ya bi su Legas, da niyyar kwana biyar. Kasuwa ta yi nauyi, ya kai kwana goma sha biyu. Cikin hidimar lodi ya manta bai cika wa Murjanatu kwalbarta ba, ita kuma ba ta san inda ake samo maganin ba.

Kwana uku da ƙarewar ƙwayar ta kasa tashi. A na huɗu, da hantsi, ta fito za ta yi alwala ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Inna ta yi ta yayyafa mata ruwa ba ta motsa ba. Wayar Dabo ba ta shiga. Dole ta sa aka kira Zubaida.

Kafin azahar Murjanatu tana kan gadon asibiti a Daura, an sa mata ruwa. Likitar da ta karɓe ta, wata mace mai natsuwa, ta dubi fuskarta da cikinta da fatar hannunta, ta tambayi Zubaida wane magani take sha.

Zubaida ta ce, "Shekara biyar nake wannan tambayar, likita. Mijinta kaɗai ya sani."

Likita ta ce ta riga ta yi zargin ko mene ne. Ta yi mata allura a kan wannan zargi, kuma da ikon Allah kafin magariba Murjanatu ta buɗe ido. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Yaron fa?"

Washegari aka yi hoton ciki. Zubaida tana riƙe da hannunta. Likita ta daɗe tana zagaya na'urar a kan cikin, sannan ta ajiye ta, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

Ta ce, "Malama Murjanatu, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa miki. Mahaifarki lafiyarta ƙalau, amma babu komai a cikinta. Babu ɗa mai barci, babu wanda ya mutu. Kitse ne ya taru a cikin."

Murjanatu ta ce, "A sake dubawa."

Aka sake. Aka juyo mata da allon ta gani da idonta, duk da ba ta san me take kallo ba. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta juya fuskarta bango, ta ja mayafi ta rufe kanta.

Kwana biyu bayan haka Dabo ya iso, ko gida bai biya ba sai don ɗauko kwalin, domin Zubaida ta ce masa a waya kada ya zo babu shi. Ya shiga ofishin likita ya ajiye shi a kan tebur, yana kallon ƙasa.

Likita ta karanta. Ta ce, "Malam Dabo, a ina ka san maganin nan?"

"Shanu nake ba wa. Na fi shekara ashirin ina ba su, ban taɓa ganin ya yi wa ko ɗaya illa ba."

"Sa nawa ka taɓa ba wa har tsawon shekara guda?"

Ya ce, "Ba ko ɗaya. Wata uku ne, ko huɗu, sai a sayar."

"Sai a yi me da su?"

Da ƙyar ya ce, "A yanka."

Likita ta ce, "To ka gani. Ba ka taɓa ganin ƙarshen aikin maganin nan ba, domin wuƙa tana riga shi. Matarka ce ta farko da ka gani, kusan shekara shida tana sha."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Magani ne mai ƙarfi da ake ba wasu marasa lafiya bisa ƙa'ida, a kuma sa musu ido. Idan aka daɗe ana sha, yana rikita sinadaran jikin mace da ke tafiyar da al'ada da sakin ƙwan haihuwa. Shi ya tsayar da jinin Murjanatu, shi ya tara mata kitse a ciki da fuska. Ya jawo mata ciwon suga da hawan jini. Kuma jiki yana sabawa da shi har ya daina yin nasa, shi ya sa da ya yanke farat ɗaya ta kusa rasa ranta.

Dabo ya ce, "Likita, idan an daina, za ta haihu?"

"Za mu janye shi a hankali, zai ɗauki watanni. Al'ada tana iya dawowa. Amma ba zan ɓoye maka ba, shekarunta arba'in da biyu. Matar da ta taɓa ɗaukar ciki sau biyu, da kun zo tana da talatin da shida, da mun nemi dalilin ɓarin, kuma sau da yawa ana dacewa. Yanzu sai abin da Allah ya yi."

Ya fito ya samu Zubaida a baranda. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Ba ni za ka ba haƙuri ba, Yaya. Tana ciki."

Ya shiga ya durƙusa a gaban gadon, ya faɗa mata komai. Maganar Kabo, kwalin, kwalbar, ƙaryar ƙarin jini. Murjanatu ta saurare shi har ya gama.

Ta ce, "Na shanu, Malam?"

Ya ce, "Na shanu."



Abin da ya biyo baya, gaskiya Dabo ya yi ƙoƙari. Girman kan nan duk ya zube. Duk ranar da likita ta sa, shi ke kawo ta Daura tun da safe. Ya koyi abin da mai suga ke ci da wanda ba ta ci. Da mata suka fara tsegumi wai Murjanatu ta yi shekara biyar tana yaudarar miji da cikin ƙarya, da kansa ya je majalisar abokan sana'arsa a kara, a gaban Kabo da kowa, ya ce shi ya ba ta ƙwayar turke ba da saninta ba. Ba wanda ya yi dariya ranar. Kabo ya sunkuyar da kai har aka tashi.

Bayan wata takwas aka raba ta da maganin gaba ɗaya. Fuskar ta saɓe, cikin ya ragu. Sai ga jini ya dawo. Murjanatu, wadda ta daɗe ba ta yi murmushi ba, ta kira Zubaida a waya ta faɗa mata.

Jinin ya zo wata na farko. Ya tsallake ɗaya, ya sake zuwa. Ya zo na uku, ɗan kaɗan. Daga nan ya ɗauke.

Wata ɗaya, wata biyu, babu. Wannan karon Dabo bai kira ungozoma ba, bai tambayi Inna ba, bai ce shi ya sani ba. Ya ɗauki matarsa suka tafi asibiti. A mota kowannensu ya san abin da ɗan'uwansa ke fata.

Aka yi gwajin fitsari, aka ɗibi jini, aka ce su dawo bayan mako guda. Suka dawo.

Likita ta duba takardar ta daɗe. Ta ce, "Ba ciki ba ne. Na so a ce shi ne. Gwajin jinin ya nuna ƙwan haihuwarki ya zo ƙarshe, al'adar ce take sallama. Wasu matan sukan kai hamsin, wasu tun da wuri, ke naki lokacin ke nan."

Dabo ya ce, "Maganin ne ya ƙarar da shi?"

"A'a. Ko ba magani, lokacin zai zo. Abin da maganin ya ci shi ne shekarun da suka rage mata kafin ya zo."

"Babu wata allura? Ko Kano, ko Abuja, ko ina ne zan kai ta."

Likita ta girgiza kai a hankali. "Ba na so in sa ku yawo da fatan da ni kaina ba ni da shi. Ku kula da sugan da hawan jinin, shi ne abin da ke hannunmu yanzu."

Suka fito. Rana ta take, mutane na ta shige da fice. Murjanatu ta nemi wani benci a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta zauna. Dabo ya tsaya a gabanta kamar mai jiran hukunci.

Ya ce, "Murja, ki yafe min."

Ta ce, "Na yafe maka tun ina kwance, Malam. Na san ba ƙina kake yi ba. Ba wannan ke damuna ba."

Ta ci gaba da cewa, "Kai namiji ne. Ko shekara sittin ka kai, idan Allah ya so za ka ga ɗanka. Ni tawa ta ƙare yau, a ofishin can."

Sai a lokacin hawayen suka zo mata.

"Wadda ɗanta ya mutu, ana zuwa a yi mata ta'aziyya. Ana ce mata Allah ya sa mai ceto ne. Tana da kabarin da za ta ce nan yake. Ni shekara biyar ina hira da yaro, ina lallashinsa ya tashi, ina kwanciya ta gefe ɗaya don kada in danne shi. Yanzu kewarsa nake ji kamar zan mutu, kuma ba wanda zan faɗa wa, domin bai taɓa zuwa ba. Wa zai yi min gaisuwar wanda babu shi?"

Dabo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, a gaban jama'a, ya rufe fuska da hularsa.

Suna nan tare har yau a Mai'adua. Ya bar kiwon turke, ya koma noma. Ita kuma kullum da safe tana shan maganin suga da na hawan jini, wanda likita ta rubuta. Gidan shiru, su biyu sai Inna.

Darasi: Sanin sana'arka bai sa ka zama likita ba, kuma so ba ya hana ka cutar da wanda kake so idan girman kai ya hana ka tambaya. Ƙwayoyin ƙiba da duk maganin da ba likita ya rubuta ba suna iya rikita al'adar mace su tsayar mata da haihuwa, kuma wadda ta daɗe tana sha kada ta bari farat ɗaya, ta je asibiti a janye mata a hankali. Idan al'ada ta tsaya, ko haihuwa ta yi jinkiri, miji da mata su je a duba su tun da wuri, a haɗa da addu'a, domin shekarun haihuwar mace idan suka wuce ba sa dawowa. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wata Murjanatun da har yanzu take da sauran lokaci.